Maganin Kuturta da Ya Komo Kan Tarin Fuka

A Jalingo, kamar kowace ɗaya daga ƙananan hukumomi 16 na jihar Taraba, jami'in lafiya ɗaya ne ke kula da tarin fuka da kuturta a haɗe. Haka tsarin yake a duk faɗin Nijeriya tun da aka sa cututtukan biyu a ƙarƙashin shiri guda a 1989, kuma a Saye ta Zariya ake horar da waɗannan jami'ai. Cikin magungunan da ke ratsa hannunsu akwai wani ɗan kafso mulmulalle, ruwan ƙasa mai duhu, mai taushi in an latsa. Wanda ya fasa shi zai tarar da jan abu mai maiƙo, da in ya taɓa farin ƙyalle sai ya rine. Sunansa kilofazimin, kamfanin da ya fara sayar da shi kuma ya raɗa masa Lamprene. Shekaru da dama ba a san shi da komai ba sai kuturta. Yau kuwa, idan gwaji ya nuna tarin mutum ya ƙi jin maganin da aka saba bayarwa, wannan kafson yana cikin waɗanda likita ke dubawa. Hanyar da ya bi kafin ya kai nan ta ratsa Nijeriya da Nijar, kuma kaɗan ne a cikinmu suka taɓa jin labarin.

Tun asali ma don tarin fuka aka yi shi. A shekarun 1940 wannan tari yana ɗibar mutanen ƙasar Ayalan, musamman matasa, sai majalisar binciken lafiya ta ƙasar ta ɗora wa wani masanin haɗa magunguna, Vincent Barry, aikin nemo magani. A Kwalejin Trinity da ke Dablin shi da abokan aikinsa suka zauna. Sun faro daga wani sinadari da ake samu a irin gansakukar nan mai manne wa duwatsu da bango, suna sauya masa fasali kaɗan-kaɗan, kowane sabon haɗi su ba shi lamba. Sun haɗa ɗaruruwa. A 1954 suka kai ga wani jan rini da suka sa wa lamba B663, wanda shi ne kilofazimin. Da aka ba ɓerayen da aka sa wa ƙwayar tarin fuka, sakamakon ya ba kowa mamaki, har suka wallafa shi a mujallar Nature a 1957. Amma da aka matsa zuwa ɓeran Masar da birai, sai maganin ya yi sanyi. Ga shi kuma wani maganin tarin fuka, isoniyazid, ya riga ya fito tun 1952, mai araha, mai ƙarfi, ba ya sauya wa kowa launin fata. Babu mai sauran dalilin ɓata lokaci a kan jan rinin da ya kasa a jikin biri. Aka ture shi gefe.

Abin da ya cece shi zumunci ne. Ƙwayar cutar kuturta, wadda Hansen ya gano a Nowe a 1873, da ƙwayar tarin fuka, wadda Koch ya gano a Jamus a 1882, 'yan gida ɗaya ne. Dukansu suna da kauri da maiƙo a bayansu, dukansu suna hayayyafa a hankali, dukansu kuma suna ɓuya a cikin ƙwayoyin jikin da aikinsu shi ne haɗiye baƙin cuta. Wani mai bincike a Amurka, Y. T. Chang, ya gwada B663 a kan irin kuturtar da ke kama ɓeraye, ya ga yana aiki. Sai dai ƙwayar kuturtar ɗan Adam ba ta yarda ta tsiro a kwanon ɗakin gwaji, har gobe ma ba ta yarda ba. Ba yadda za a tabbatar da magani sai a jikin masu cutar.

Nan ne Nijeriya ta shigo. A Uzuakoli, wani gari da ke jihar Abiya ta yanzu, akwai matsugunin masu kuturta da mishan ɗin Methodist ya buɗe a 1932. Wurin ya riga ya yi suna, domin a can ne Dakta John Lowe ya nuna, a ƙarshen shekarun 1940, cewa maganin dafson da ake tsoron dafinsa yana warkar da kuturta idan aka sha shi kaɗan-kaɗan ta baki. Daga wannan aiki ne aka samu ƙwayar da ta bazu a Arewa a shekarun 1950, ana raba ta a ɗakunan shan magani na ƙauyuka. Kafin nan, mai kuturta a ƙasar Hausa da maƙwabtanta ba shi da wata madafa sai ya tattara ya koma Yadakunya ta Kano, ko Babbar Ruga ta Katsina, ko Amanawa ta Sakkwato, ko Garkida wadda muka taɓa zama jiha ɗaya da ita a zamanin Gongola, a yi ta yi masa allurar man wani itacen Indiya mai zafin gaske da ƙarancin amfani.

A 1959 Dakta Stanley Browne, Baturen Ingila da ya yi shekaru yana aikin kuturta a Kwango, ya karɓi ragamar bincike a Uzuakoli. Shi da abokin aikinsa Dakta Hogerzeil suka karɓi jan rinin Dablin suka fara bai wa wasu marasa lafiya da ba su kai ashirin ba, masu kuturta mai tsanani, irin wadda ke kumbura fuska da kunnuwa. Wata-wata ana ɗan tsaga fatar kunne da ta goshi da reza, a shafa ruwan a gilashi, a rina, a ƙirga ƙwayoyin cuta a madubin likita. Ƙwayoyin suka fara kakkaryewa, ƙurajen suka fara sacewa. A 1962 suka wallafa abin da suka gani. Bayan 'yan shekaru Browne ya ƙara lura da wani abu: maganin yana kwantar da irin zazzafan tashin da kuturta kan yi a tsakiyar magani, mai zuwa da zazzaɓi da ƙulluwa masu ciwo da kumburin jijiya, wanda shi ne ke nakasa mutane da yawa. A 1969 kamfanin Geigy na Suwizalan ya fitar da shi kasuwa.

A 1980 hukumar UNESCO ta ba tawagar Dablin lambar yabo ta kimiyya, shekara biyar bayan rasuwar Barry, kuma sun cancanta. Amma ni a ganina rabin wannan yabo na mutanen Uzuakoli ne. Mutane ne da danginsu suka guje su, da ba a cin abinci kwano ɗaya da su, suka miƙa jikinsu ga wani magani da ba a san abin da zai yi musu ba, suka ga fatarsu tana sauya launi, suka ci gaba da sha. Ba don su ba, da B663 ya ƙare a matsayin lamba a littafin wani ɗakin gwaji.

Maganar launin fata ba ƙarama ba ce, kuma duk wanda ya zauna da mai shan wannan magani ya san haka. Bayan 'yan makonni fata kan fara yin ja, sannan ta rikiɗe ta yi duhu, ta fi duhu ma a wuraren da tabon cutar yake, ta yadda abin da mutum ke ɓoyewa sai ya ƙara fitowa fili. Fitsari da zufa da kaki, wani lokaci har hawaye, sukan yi jaja-jaja. Ƙwauri ya bushe ya yi ɓawo. Ga mai hasken fata, irin 'yan'uwanmu Fulani da ke da yawa a Taraba, abin ya fi bayyana. Launin yana komawa bayan an daina sha, amma a hankali, watanni, wani har ya haura shekara. Dalilin kuwa shi ne maganin mai son kitse ne, yana taruwa a cikin kitsen jiki da cikin ƙwayoyin nan masu haɗiye cuta, ya daɗe bai fita ba. To, a daidai nan ne ƙwayar kuturta da ta tarin fuka ke ɓuya. Abin da ke rina fatar shi ne ke kai maganin har maɓoyar cutar. Shi ya sa ma'aikacin da ya san aikinsa ba ya miƙa kafson sai ya zaunar da mai shi. "Baba, jikinka zai yi duhu, fitsarinka zai yi ja. Ba cutar ce ta ƙaru ba, aikin maganin ne, kuma zai wuce. Don Allah kada ka daina." In budurwa ce ko amarya, sai an haɗa da uwa ko miji a yi bayanin, in ba haka ba tsegumin unguwa kaɗai ya isa ya raba ta da magani.

Ba a jima ba ranar kilofazimin ta zo. Dafson shi kaɗai aka yi ta sha shekara da shekaru, wasu har iya rayuwa, kuma a 1964 aka tabbatar a Malesiya cewa ƙwayar kuturta ta fara jure masa. Zuwa shekarun 1970 matsalar ta game ƙasashe. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yanke shawarar a daina ba da magani ɗaya, a haɗa uku: rifamfisin, dafson da kilofazimin. Wannan haɗin ya warkar da mutane sama da miliyan 16. Tun 1995 kyauta ake ba da shi a ko'ina, kuma tun 2000 kamfanin Novartis ne ke ɗaukar nauyinsa. Nijeriya ta kai mizanin da hukumar ta gindaya na rage cutar a 1998, ko da yake har yanzu ana samun sababbin masu ita wajen dubu biyu ko fiye a kowace shekara.

Ana cikin haka tarin fuka yana can yana koyon irin darasin da kuturta ta koya. A kogon da cutar ke ci a huhun mutum ɗaya ana iya samun ƙwayoyi miliyan ɗari. A cikin kowace miliyan guda, akan sami ɗaya da aka haifa da wata 'yar tawaya da ke sa isoniyazid ba ya taɓa ta. Mai jure rifamfisin ta fi haka wuyar samu, amma akwai ta. Manomin Taraba ya san wannan a gonarsa: ka yi ta fesa maganin ciyawa iri ɗaya kowace damina, ciyawar da ba ta jin sa ita za ta rage, ta zubar da iri, wata rana ka wayi gari ita ta cinye gonar. Shi ya sa ake haɗa magani huɗu, a sha wata shida, don wadda ta tsere wa wannan ta faɗa hannun wancan. Idan mara lafiya ya ji sauƙi a wata na biyu ya ajiye, ko magani ya yanke a asibiti, ko aka sayo rabi a kemis, sai masu taurin kan su samu fili. Daga nan kuma wanda ya shaƙi tarin wannan mutum, mai taurin kan zai ɗauka kai tsaye, ko da bai taɓa shan magani ba.

A 1993 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana tarin fuka a matsayin annobar gaggawa. A 2006 aka ba da rahoton wani gari a Afirka ta Kudu, Tugela Ferry, inda mutum 53 suka kamu da nau'in da ya jure kusan komai, 52 suka mutu, yawancinsu cikin makonni. Maganin da ake da shi a lokacin ga tarin da ya jure isoniyazid da rifamfisin azaba ne. Wata 20 zuwa 24 ana sha, a ciki har da wajen wata takwas na allura kullum. Dubban ƙwayoyi, amai ba dare ba rana, wasu su kurmance, wasu hankalinsu ya gushe. Kuɗinsa dubban daloli ga mutum ɗaya. Bayan duk wannan, kusan rabin waɗanda suka fara ne kawai ke warkewa. Kamfanonin magani kuwa sun yi shekara arba'in ba su fitar da sabon maganin tarin fuka ba, saboda cutar talakawa ce, ba riba.

Waɗanda suka ɓullo da mafita ba manyan jami'o'i ba ne. Wata ƙungiyar agaji ce ta Beljiyam, Gidauniyar Damien, wadda ta ci sunan wani limamin Kirista da ya zauna da masu kuturta a tsibirin Molokai har cutar ta kama shi ya rasu a 1889. Asalin aikinsu kuturta ne, daga baya suka haɗa da tarin fuka. A Bangaladash, daga 1997, wani likitansu mai suna Armand Van Deun da ma'aikatan ƙasar suka shiga gwada haɗe-haɗen magunguna a kan masu tari mai taurin kai. Ba su da sabon magani ko ɗaya. Abin da suke da shi rajista ce da haƙuri. Su ba rukunin marasa lafiya haɗi ɗaya, su rubuta wanda ya warke, wanda ya gudu, wanda ya mutu, wanda cutar ta dawo masa, sannan su gyara haɗin su ba rukuni na gaba. Sun lura cewa aman da ɗaya daga magungunan, furotiyonamid, ke jawowa yana korar mutane, sai suka taƙaita shi ga watannin farko. Suka ɗauko gatifuloksasin, maganin ciwon huhu da na mafitsara wanda kamfaninsa ya janye daga kasuwar Amurka a 2006 saboda yana rikita sukarin jini, suka ƙara yawansa. Kilofazimin kuwa suka bar shi daga ranar farko har ta ƙarshe.

Ba na jin haɗari ne ya sa su ne suka tuna da shi. Likitan tarin fuka da ya yi karatu a Turai ya san kilofazimin a matsayin maganin da ya faɗi jarrabawa tun 1950 da wani abu. Ma'aikacin kuturta kuwa ya raba shi da hannunsa ga dubban mutane, ya san ana shan sa shekara biyu ba tare da ya lalata ƙoda ko kunne ba, ya san farashinsa, ya san yadda ake lallashin mai shan sa. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma sai wanda ya san inda aka ajiye ta.

Shekara goma suka yi, haɗi shida, marasa lafiya 427. A 2010 suka wallafa sakamakon. A haɗi na ƙarshe, mai wata tara kacal, cikin mutum 206 kusan kashi 88 cikin ɗari sun warke ba tare da cutar ta dawo ba, a kan kuɗin da bai wuce 'yan ɗaruruwan Yuro ba. Masana da yawa ba su gamsu ba, kuma suna da hujja. Ba a yi gwajin ta hanyar ƙuri'a ba, wato a raba marasa lafiya biyu a kwatanta. Bangaladash kuma ba ta da yawan masu cutar ƙanjamau. Aka ce wataƙila abin na can ne kawai.

Tun kafin wannan muhawara ta taso Nijar ta riga ta fara. A watan Yulin 2008 shirin yaƙi da tarin fuka na ƙasar, tare da Gidauniyar Damien, ya soma ba da irin wannan haɗi. Dakta Alberto Piubello ne ya jagoranta, tare da likitocin ƙasar irin su Dakta Mahamadou Bassirou Souleymane, kuma aikin ya kafu ne a Yamai da Maraɗi. Maraɗi ba baƙuwar kilofazimin ba ce, domin a kudu da ita kaɗan akwai asibitin kuturta na Danja da ya daɗe yana raba shi. Don taka tsantsan suka sa wata 12 maimakon tara. Watanni huɗu na farko su ne masu nauyi: magani bakwai a rana, ɗaya daga ciki allurar kanamaisin. Mara lafiya zai zo da safe, ya haɗiye tarin ƙwayoyin a gaban ma'aikaci, a yi masa allura, a sa alama a katinsa. Wata-wata ya kawo kaki a duba. Wanda bai zo ba a bi sawunsa. Bayan nan a rage zuwa magani huɗu har ƙarshe.

Daga Yulin 2008 zuwa Disambar 2010 mutum 65 suka shiga. Mutum 58 suka warke, shida suka rasu, ɗaya ya bar magani. Aka ci gaba da bibiyar waɗanda suka warke har shekara biyu, kuma cikin duk waɗanda aka duba ba a samu ko ɗaya da cutar ta dawo masa ba. A 2014 aka wallafa wannan. A tuna fa, Nijar ce, ƙasar da kullum ake lissafa ta a ƙarshen jerin ƙasashe wajen arziki da yawan likitoci, ta warkar da kusan tara cikin goma, a lokacin da matsakaicin duniya yake wajen biyar cikin goma. Shekara guda bayan haka Kamaru, wadda muke iyaka da ita ta Gashaka da Mambila, ta kawo nata: mutum 150, ɗaya cikin biyar na ɗauke da ƙanjamau, kashi 89 cikin ɗari suka warke. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin Taraba tana cikin jihohin da ƙanjamau ya fi yawa a Nijeriya, kuma tarin fuka ne ya fi kashe masu ɗauke da shi. Sannan ƙasashen Afirka tara, har da Nijar da Kamaru da Binin da Burkina Faso, suka haɗa marasa lafiya sama da dubu, fiye da kashi 80 cikin ɗari suka samu lafiya. A watan Mayun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da gajeren haɗin. Nijeriya ta karɓe shi a 2017. Gwajin ƙuri'ar da masana suka nema ya fito a 2019, ya nuna wata tara zuwa goma sha ɗaya bai gaza wata ashirin ba.

Saura matsala ɗaya babba, kuma likitocin Nijar ba su ɓoye ta ba. Cikin mutum 65 ɗin nan, ɗaya cikin biyar ya samu raunin ji. Allurar kanamaisin tana kashe wasu 'yan siraran ƙwayoyi a can cikin kunne, kuma in sun mutu ba sa sake tsirowa. Abin yakan fara da ƙara a kunne, da kasa jin sauti mai kaifi, mutum bai ma ankara ba. A warkar da magidanci daga tari a mayar da shi gida ba ya jin kiran salla, ba ya jin kukan ɗansa, wannan ba ƙaramin farashi ba ne. Sai suka sake komawa kan tsohon kaya. Akwai linezolid, wanda aka amince da shi a Amurka a 2000 don cututtukan fata da na huhu da ake ɗauka a asibiti, ba don tarin fuka ba, wanda kuma da can tsadarsa ta fi ƙarfin talaka sai da wa'adin mallakar kamfaninsa ya ƙare. Suka riƙa auna jin kowane mara lafiya da na'ura a kai a kai. Da zarar an ga ji ya fara raguwa, tun mai shi bai sani ba, sai a dakatar da allura a sa linezolid a gurbinta. Rahoton da Dakta Souleymane da abokansa suka fitar a 2021 ya nuna an tsare mutane daga mummunar kurumta, yawan masu warkewa kuma bai faɗi ba. Shi ma linezolid yana da nasa sharrin, yana rage jini, yana sa ƙafafu su yi zugi ko su mutu, wani lokaci ya taɓa gani, don haka sai da sa ido. Amma yawancin wannan in an kama shi da wuri yana gyaruwa.

A wannan tsakanin abubuwa suka yi sauri. Sabon magani ya fito a ƙarshe, bedakwilin a 2012, sai firetomanid a 2019. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake jera magungunan tari mai taurin kai, ta cire kanamaisin gaba ɗaya, ta ɗaga linezolid da dangin moksifuloksasin zuwa sahun farko, kilofazimin a sahu na biyu. A Disambar 2022 ta amince da haɗin wata shida, duka ta baki, ba allura: bedakwilin, firetomanid, linezolid da moksifuloksasin. Biyu sababbi, biyu aro. Kilofazimin ba ya cikin wannan, amma yana cikin haɗin wata tara, yana kuma cikin wani na wata shida da hukumar ta ƙara a 2024, wanda ake iya bai wa yara da masu juna biyu. Mai tari a Jalingo yau, in ya kai kakinsa aka sa a na'urar GeneXpert, cikin kamar awa biyu za ta nuna ko tarin fuka ne, ta kuma nuna ko ya jure rifamfisin. Gwajin kyauta ne, maganin ma kyauta ne. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu tarin fuka, kusan rabin miliyan a shekara, kuma masu nau'in mai taurin kai da ake ganowa ba su kai ko kusa da yawan waɗanda ke yawo da shi ba.

Aron magani ba ya kawar da haɗarin da ya sa aka yi aron. An gano cewa ƙwayar tarin fuka tana iya buɗe wata 'yar kafa a jikinta da take fitar da magani waje, kuma kafar da ke fitar da kilofazimin ita ce ke fitar da bedakwilin. Wato in aka yi wasa da tsohon, ana iya rasa sabon tare da shi. Akwai kuma abin da ke faruwa a kemis-kemis ɗinmu. Duk zazzaɓin da ya wuce kwana uku sai a ce taifot ne, a ba da sifro ba gwaji, ba takardar likita. Sifro ɗan gidan su moksifuloksasin ne. Mai tarin fukan da bai san yana da shi ba, in ya yi ta shan sifro saboda zazzaɓin dare, yana koya wa ƙwayar cutarsa jure ginshiƙin haɗin da za a nemi ceto shi da shi gobe. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin cuta da suka daina jin magani, kuma yankin da abin ya fi tsanani, gwargwadon yawan jama'a, shi ne namu, Afirka ta Yamma.

Su kuwa masu kuturta, waɗanda a jikinsu aka fara tabbatar da wannan magani a ƙasar nan, a 2024 sun wayi gari babu shi. Jinkirin takardu da sababbin ƙa'idojin gwajin magungunan da ake shigowa da su suka sa kayan da aka ware wa Nijeriya suka maƙale a Indiya. Kusan shekara guda dubban mutane, har da yara, suna zuwa asibiti ana ce musu su dawo. Maganin kyauta ne, an riga an haɗa shi, an san masu jiran sa da sunayensu a rajista. Kuturta ba ta jira: tana cin jijiyar hannu da ta ƙafa da ta fatar ido a hankali, mutum ya taka ƙaya ko ya dafa tukunya mai zafi bai ji ba, gyambo ya shiga. Sai a watan Maris na 2025 kayan suka iso aka ci gaba da rabawa. Magani yana kashe ƙwayar cutar ko yaushe aka fara shi, amma yatsun da suka lanƙwashe a wannan shekarar ta jira ba ya miƙar da su, masu su sai dai tiyata da takalma na musamman da kulawa har iya rayuwa.